Idan Sun Tambaye Ni

Zuwa ga Kawu,

Ina gaishe ka da kyau. Ya aiki, ya gajiya? Mu nan lafiya. Umma tana gaishe ka, ta ce ka riƙa cin abinci a kan lokaci, wai a hoton da ka turo wuyanka ya ƙara tsawo.

Ka ce in riƙa rubuto maka tunda a waya ba na magana. Ba ƙin magana nake yi ba. Idan Umma ta miƙo min wayar sai ta tsaya a kaina tana jira, duk abin da na shirya sai ya gudu. Direba na gidan kusa da mu ya ce zai riƙa kai maka idan ya yi lodi zuwa wajenku. Ka yi haƙuri da rubutuna. Tun da na gama firamare ba na riƙe biro sai in zan rubuta awon masu kawo ɗinki.

Mun je asibitin unguwa karɓar maganin hawan jinin Umma, kuma na duba abin da ka ce in duba. An kwashe manyan littattafan nan daga teburin nas, an ajiye wata 'yar kwamfuta mai faɗi kamar faranti. Nas mai tabarau ce, wadda ke ce wa kowace babbar mace Mamana. Ta karɓi katin Umma ta danna lamba, sai rubutu ya fito layi-layi, na sama ya fi girma. Ta ce, "Mamana, hawan jini ne ko? Magani ya ƙare?" Umma ta ce e. Ta ce a kawo hannu, Umma ta miƙa na dama. Ta auna, ta taɓa nan, ta taɓa can, ta ce mu je taga mu karɓi magani. Umma ko mayafinta ba ta gama gyarawa ba aka gama da mu.

Na raɗa wa Umma cewa aikinka ne wannan. Ita kuwa ta gaya wa matar da ke bayanmu da ƙarfi, matar ta gaya wa ta bayanta. Kafin mu fita duk bencin ya san ƙanen Umma ne ya yi kwamfuta. Na so ƙasa ta tsage in shige.

Kawu, ina da tambaya. Kwamfutar nan ce ke gaya wa nas abin da za ta tambaya? Tana iya tambayar wani abu daban?

'Yarka.

*

Zuwa ga Sarkin Surutu,

Wasiƙarki ta iso tana warin man mota. A tsaye na karanta ta a bakin ofis ina dariya ni kaɗai, har mai gadi ya tambaye ni ko lafiya. Ashe duk maganar nan tana cikinki kike ɓoye mana? Ni lafiyata ƙalau. Ki ce wa Yaya wuyan nan gado ne, ta duba madubi.

Kin faranta min da kika ce an gama da ku da sauri. Abin da muke nema ke nan. Kin tuna da, yadda nas ke sunkuyar da kai tana ta rubutu, mutane suna layi har wasu su gaji su koma gida ba a gan su ba? Kuma rubutun nan wani lokaci mai shi ma ba ta iya karanta shi. Ni aikina in rage mata rubutun.

Ga yadda abin yake. Kin san Yaya idan kwastomar da ta saba ta shigo, kafin ta buɗe baki ta san irin wuyan rigar da za ta ce. Haka muke koya wa kwamfutar. Tana duba shekarun mutum, da abin da ya kawo shi a baya, da ciwon da ke yawo a lokacin, sai ta jero abin da take tsammani, wanda ta fi zato a sama. Nas ta taɓa kawai. In ta taɓa hawan jini, jeri na gaba ya fito da magungunansa, wanda mutum ya saba sha a farko. Kuma duk abin da aka fi taɓawa, shi ke ƙara hawa sama. Mun sha gardama da likitoci a kan tsawon jerin. Su suna so a zuba komai, ni na ce in ya yi tsawo ido zai gaji, yatsa ya taɓa wanda ba shi ba. Da ƙyar na ci su.

To kin ga nas ce ke tambaya, kwamfuta hasashe kawai take yi.

Amma tambayarki ta burge ni. Irinta manyan ofishin nan ke yi suna gyara zama. Kanki yana ja, Sarkin Surutu. Ki yi tunanin komawa makaranta, ni zan yi wa Yaya magana.

Kawunki.

*

Zuwa ga Kawu,

Gaisuwa mai yawa. Da fatan kana lafiya kamar yadda muke. Na karanta wa Umma wajen wuya, ta ce ka zo ka faɗa mata a gabanta.

Maganar makaranta na gode, amma ba yanzu ba. Umma tana bukatata. Yanzu ni ke shanya, ni ke sauko da yadi daga kanta ta sama, ni ke ɗaga kan keken ɗinki idan za a sa mai. Da safe kuma ni ke taya ta sa riga. Ta rage karɓar manyan ɗinkuna, sai gyare-gyare.

Mun sake komawa asibiti. Na tsaya kusa da teburin na ƙura wa kwamfutar ido. Gaskiyarka, hawan jini ya fito a sama tun kafin Umma ta zauna. Nas ta ce, "Mamana, yau ma na kullum?" Umma ta ce na kullum. Nas ɗin tana da kirki, Kawu, kada ka ga kamar ƙararta nake kawowa. Ita kaɗai ce a teburin, layi har waje, ruwan shanta ma a ƙarƙashin tebur yake ba ta samu ta sha ba. Idonta rabi a kan mutum rabi a kan kwamfuta.

Ina da wata tambayar. A ce akwai wata mata. Kullum abu ɗaya take zuwa karɓa, kwamfuta ta san ta da shi. Sai wani abu sabo ya same ta, wanda ba a taɓa rubutawa a katinta ba. Kuma matar irin mutanen nan ce da ba sa fara magana, sai abin da aka tambaye su. A ina sabon abin zai fito a jerin? Kwamfutar za ta gane da kanta?

Don Allah ka ba ni amsa da wuri. Direba ya ce jibi zai tashi.

'Yarka.

*

Sarkin Surutu,

Ki yafe min jinkiri. Motar Direba ta lalace a hanya, wasiƙarki ta yi ta kwana a aljihunsa, ni kuma da ta zo muna tsakiyar kai kwamfutoci wasu asibitocin. Ina lafiya, sai gajiya.

Madalla da ke, kin zama hannun daman Yaya. Tun ina yaro take wahala da mu, gara ta huta.

Amsar tambayarki: a'a, ba za ta gane da kanta ba. Abin da ba a taɓa ba ta ba, ba ta san shi ba. Akwai wani ɗan gurbi a can ƙasa, a kusurwar dama, an rubuta "Wani abu daban". In nas ta taɓa shi sai fili ya buɗe ta rubuta duk abin da mara lafiya ya faɗa. Da gangan muka ƙanƙanta shi, don lokacin gwaji wasu sun riƙa zuba komai a ciki, aka koma gidan jiya.

Na kai nan na ajiye biro zan nemi ambulan in sa wasiƙar, sai na sake karanta wasiƙarki.

Yaya da na sani ba ta barin kowa ya taɓa mata keken ɗinki, balle ya sa mata riga. Kuma a wasiƙarki ta farko me ya sa kika gaya min hannun da ta miƙa? Wace mata ce wannan da kike tambaya a kanta? Zan kira Yaya yanzu.

Kawunki.

*

Kawu,

Ina gaishe ka. Ban san abin da zan rubuta a wajen lafiya ba, shi ya sa na tsallake.

Da ba ka kira ba. Wayarka ta riga wasiƙarka zuwa, ban san komai ba sai na ji Umma tana dariya tana cewa, "Hannuna? Ga shi nan da shi na riƙe wayar." Da ta kashe sai dariyar ta ɗauke. Ta ce, "Me kika rubuta wa yaron nan?" Na ce ba komai. Ta ce, "Ba komai ne ya sa yake min tambayoyi kamar ɗan sanda?" Ta ce, "Da ƙyar ya samu aikin nan. So kike ya bar shi ya zo ya zauna yana kallona?" Ranar ba ta bari na taya ta cire riga ba. Ina jin ta daga tsakar gida tana nishi, ban isa in shiga ba.

Kawu, ba zan gaya maka ko mene ne ba. Ta sa na yi mata alƙawari tun ranar da na gani, kuma tun rasuwar Baba ban taɓa saɓa mata ba. Amma ba ta hana ni gaya maka wannan ba. Na roƙe ta ta faɗa a asibiti, har na yi kuka. Ta ce, "Idan ciwon kirki ne ai masu asibiti za su tambaya, su da suka yi karatu. Ranar da suka tambaye ni zan faɗa. Ni ban taɓa yi wa likita ƙarya ba."

Kuma da gaske ba ta ƙarya. Ana ce mata hawan jini ne, ta ce e. Magani ya ƙare, ta ce e. Duk gaskiya ne. Ni ina ga tsoro take ji, kuma duk ranar da muka fito ba a tambaye ta ba, tafiyarta ma sauƙi take yi, har ta tsaya ta saya min wani abu a hanya.

Shi ya sa nake ta tambayarka. Ba don kaina yana ja ba ne. Kai ka yi kwamfutar nan. Don Allah ka sa ta tambayi Umma. Ka sa a layin sama, da manyan baƙaƙe, yadda nas za ta karanta mata. Maganinta ya kusa ƙarewa, za mu koma.

'Yarka.

*

'Yata,

Na karanta. Ba zan tambaye ki abin da kika yi alƙawari a kansa ba, kuma ba zan sake kiran Yaya a kan wannan ba. Ita ta goya ni. Ko zuwa na yi na durƙusa a gabanta, ce min za ta yi in tashi in ci abinci.

Zan gaya miki gaskiya ko da ba daɗi. Ba zan iya sa kwamfuta ta tambayi Yaya ita kaɗai ba. Ba ni da ikon buɗe katin kowa, kuma haka ya kamata, in ba haka ba ciwon mutane sai ya zama hirar ofis. Abin da zan iya shi na yi. Na kai maganar gaban shugabanmu da likitocin da ke duba aikinmu, ban ambaci kowa ba. Na ce a ƙara tambaya guda a ƙarshe, wadda ba za a iya rufe kati ba sai an amsa ta: "Akwai wani abu kuma?" Wata likita ta ce tun farko ta so haka. Shugaba ya ce zai rage sauri, kuma saurin ne ya sa asibitoci ke karɓar aikinmu. Shi ma yana da hujja. An ce a gwada a wuri ɗaya tukuna. Ko an yarda, zai ɗauki watanni kafin ya iso teburin nas ɗinku. Maganin Yaya zai ƙare kafin nan.

Saboda haka abin ya dawo kanki, kuma na san nauyin da nake ɗora miki.

Yaya ta ce idan sun tambaye ta za ta faɗa. To ki sa a tambaye ta. Ba sai kin faɗi komai ba, alƙawarinki yana nan. Kafin nas ta miƙo kati, ki ce mata, "Anti, ki tambaye ta ko akwai wani abu kuma." Shi ke nan. Gurbin yana nan a ƙasa inda na gaya miki, ta san shi.

Na san gabanki zai faɗi. Na san mutane za su juyo. Ki bar su su juyo, wuyansu ne. Ki riƙa faɗa a ɗaki ke kaɗai har bakinki ya saba. In murya ta ƙi fita, kada ki matsa daga wurin.

Na nemi hutu, ina jiran amsa.

Kawunki.

*

Zuwa ga Kawu,

Ina gaishe ka. Mun dawo daga asibiti ɗazu.

Na yi ta faɗa a ɗaki kamar yadda ka ce. Keken ɗinki na riƙa gaya wa idan Umma ta fita. A gabansa muryata tana fita sarai.

Yau layin ya fi na kullum. Muna kan benci ina maimaitawa a zuci, har Umma ta ce me nake taunawa. Aka kira mu. Nas ta ce, "Mamana, na kullum?" Umma ta ce na kullum. Ta auna, ta taɓa, ta taɓa. Na buɗe baki, babu abin da ya fito. Ta ajiye katin a bakin tebur ta ce, "Na gaba!" Wani mutum mai tari har ya miƙe. Umma ta kama mayafinta za ta tashi.

Ban san lokacin da na ɗora hannuna a kan katin na danne shi ba.

Nas ta ce, "'Yammata, katin zai gudu ne?" Na faɗa, amma ni ma ban ji kaina ba. Ta ce, "Ɗaga murya, kunnena ya tsufa a wurin nan." Na rufe ido na ce, "Anti, don Allah ki tambaye ta ko akwai wani abu kuma."

Ina ga har na bakin ƙofa sun ji. Mai tari ya ce, "Mu ma fa muna da abu." Nas ta ce, "Malam, koma ka zauna, bencin bai gaji da kai ba." Ta cire tabarau, ta ture kwamfutar gefe, ta jawo kujerarta kusa da Umma. A hankali ta ce, "Mamana, akwai wani abu kuma?"

Umma ta kalle ni. Ban taɓa ganin irin kallon nan ba, kuma ba na so in sake gani. Ta daɗe tana murza bakin mayafinta. Nas ta jira ta. Sai Umma ta ce, "Akwai."

Suka shiga bayan labule. Da suka fito nas ba ta wasa kuma. Ta taɓa ɗan gurbin nan na ƙasa, fili ya buɗe, ta yi ta rubutu da yatsa ɗaya. Ta kai mu wajen likita da kanta, ta bar layin yana gunaguni. Likitar mace ce. Ta tambayi Umma tun yaushe, Umma ta faɗa. Likita ta ce gara da aka zo, amma daga yau babu sauran jira.

Muka kamo hanya ni da Umma. Da muka shiga gida ta zauna a gaban keke ba ta taka ba. Na kawo mata ruwa ta ƙi kallona. Can sai ta ce, "Ɗauko biro. Tunda bakinki ya buɗe, sai ki ƙarasa. Gaya masa."

To ga shi, Kawu. Ƙullutu ne a ƙirjinta na hagu, wajen hammata, mai tauri, kuma ya girma tun ranar da na fara ganinsa. Shi ya hana ta ɗaga hannu. Likita ta ce ba ta san ko mene ne ba tukuna. Ta ba mu takarda zuwa babban asibiti ranar Litinin ta sama, za a yi hoto, a ɗebi kaɗan a auna. Umma ta ce in rubuta cewa kada ka tayar da hankalinka. Na rubuta.

Likita ta ce dole wani babba ya raka ta, ni na yi ƙanƙanta da sa hannu. Ta tambaya ko akwai. Umma ta fara cewa babu kowa, ni kuwa na riga ta. Na ce akwai ƙanenta, zai zo.

Ban tambaye ka ba na faɗa. Kada ka sa in zama maƙaryaciya.

'Yarka.